Daga Dogon Kirya zuwa Gesheme: wane ciwon bisashe za a fara yi wa bincike?

Ƙasar Arewa tana cikin jihar Dosso. Tun 2011 ta zama gunduma biyu: Dogon Dutsi a sama, Tibiri a kudu. Dallol Mawri ya ratsa su duka biyu. Tsohon kwarin gulbi ne. A tsakiyarsa ruwa yana kusa, gawo yana da yawa. Shi ya sa in an gama girbi, garkunan da suka yi damina a arewa suke gangarowa ta burtali. Su ci kara da harawa a gonaki, su bar wa manomi taki.

Wanda ya bi bayan garke ta wannan hanya zai ga arziki. Zai ga cututtuka kuma, iri-iri. Masu binciken magani kaɗan ne, kuɗin aikin ma kaɗan ne. Taura biyu ba ta taunuwa. To, wane ciwo za su fara sa wa hannu?

Bakin rijiya, daga Dogon Kirya zuwa Matankari

A arewacin gunduma ƙasa ta fi bushewa. Da rani shanun gari da na baƙi suna haɗuwa a rijiya ɗaya, hanci kusa da hanci. Irin wannan cunkoso ne ciwon huhu yake so, domin ta numfashi yake bi. Saniya ta yi tari, ta miƙe wuya, ta ƙi tafiya. Wata ta mutu. Wata ta miƙe kamar ta warke, alhali ciwon yana ɓoye a huhunta, tana iya ba sauran.

Akwai allurar rigakafin wannan ciwo, wadda ake kira lamba. Ana haɗa ta a Yamai, a ɗakin binciken kiwo mai suna LABOCEL. Amma ƙarfinta ba ya wuce kamar shekara ɗaya, dole a sake kowace shekara. Wani lokaci wurin allurar yakan kumbura, makiyayi ya tsorata ya ɓoye shanunsa. Ga aiki na farko ga masu bincike: a samo lamba mai daɗewa a jiki, marar kumburi.

Dogon Dutsi: abin da bushiya ta koyar

Garin Dogon Dutsi yana gindin duwatsun da suka ba shi suna, bisa babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni. Nan ne ma'aikatan kiwo na gunduma suke da zama. A nan, kamar ko'ina cikin ƙasar, tsofaffin makiyaya ba su manta bushiya ba.

Wajen 1890 bushiya ta shigo ƙasar Hausa, ta share garkuna, mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kaɗai. Wajen 1960 wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya samo lambarta a ƙasar Kenya. Allura ɗaya tana kare saniya har ƙarshen ranta. A 1962 Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suka fara babban yaƙin lamba tare. Ciwon ya kwanta. Da aka yi sake, ya sake tashi a farkon shekarun 1980, ya yi ɓarna mai yawa.

Lambar tana da kyau, amma tana da rauni ɗaya: zafi yana kashe ta. In ƙanƙara ta narke a hanya, abin da ke cikin kwalba ya zama banza. Ƙauyen da mota ba ta zuwa kuwa, can ne ciwon yake ɓuya. Sai masu bincike suka maida hankali ga wannan rauni. Suka haɗa lamba mai jure zafi, wadda take yin wata guda ba akwatin sanyi. A Nijar ne aka gwada ta cikin garkuna, aka bayyana sakamakon a 1990. Da ita aka kai ga makiyayan nesa a ƙasashe da dama. A 2011 duniya ta shaida cewa bushiya ta ƙare.

Abin lura a nan: binciken ya ci nasara ne domin ya dubi abin da ke hana magani isa ƙauye.

Kiyeshe da Kore Mairuwa: akuyar uwar gida

In an bar Dogon Dutsi aka nufi kudu, garuruwan manoma ne a jere. Ba kowane gida ke da saniya ba. Amma da wuya a shiga gida ba a ga akuya a turke ba, da kaji suna tonon ƙasa. Yawancinsu na mata ne. Su ne asusun gida: kuɗin magani, kayan makaranta, hatsin da ake saye in rumbu ya yi ƙasa.

Awaki da tumaki suna da tasu annobar, ƴar'uwar bushiya. Ma'aikatan kiwo suna kiranta PPR. Alamunta: zazzaɓi, majina, kwantsa, ƙuraje a baki, da zawo. In ta shiga garken da bai taɓa sanin ta ba, tana iya kashe mafi yawansa. An fara gane ta a 1942 a ƙasar Kodebuwa. Lambarta ta fito daga ƙwayar ciwon da aka samu a Najeriya a 1975, allura ɗaya kuma tana karewa shekara 3 ko fiye. A 2015, a Abijan, ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin gamawa da ita kafin 2030.

Lamba dai akwai ta. Wuyar ita ce awaki suna haihuwa da sauri, ana saye ana sayarwa kowace kasuwa. Kafin shekara ta zagayo, garke ya cika da ƙanana da baƙi waɗanda ba su sami allura ba. Don haka abin nema a nan shi ne lamba mai jure zafi ta wadata, da gwaji mai sauƙi wanda ma'aikaci zai yi a gindin itace ya san ciwon nan take.

Kaji kuwa, da sanyin hunturu annoba takan share su gida-gida. Ita ma tana da rigakafi mai jure zafi, wanda aka samo a ƙasar Ostareliya. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido. Matsalarta ita ce ta isa ƙauye a kan lokaci, kafin sanyi ya shigo.

Tibiri da Gesheme: iyaka da lafiyar mutane

A kudu kwarin ya fi damshi, akwai fadamu da lambuna. Iyakar Najeriya tana kusa. Arawa suna zaune ɓangare biyu na iyakar, har wajen Kangiwa a jihar Kabi. Bisashe suna ƙetarawa don kiwo da kasuwa, ciwo ma yana bin su. In ƙasa ɗaya ta yi lamba, maƙwabciyarta ba ta yi ba, aikin rabi ne.

Akwai kuma ciwon da ke tashi daga bisa ya kama mutum. Ciwon saifa yana cikinsu. Saniya ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci. Wanda ya feɗe ta ko ya ci namanta yana iya kamuwa. Ƙwayar ciwon tana zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Lambar saifa ta daɗe da samuwa, abin da ya rage shi ne a yi ta, a kuma binne mushe da zurfi. A 2016 wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa ya faɗa wa garkuna a Cintabaraden da Tasara, jihar Tawa. Bisashe suka yi ta ɓari, mutane ma suka rasu. A 2018 ƙasashen Afirka ta Yamma suka yi taro a Dakar, suka zaɓi cututtukan bisashe masu kama mutum da za a fara yaƙa. Saifa da haukan kare suna cikin jerin.

Jaki ma yana da nasa. A ƙarshen 2018 da cikin 2019 mura mai tsanani ta kashe jakai masu yawa a Sakkwato da Nijar. Jaki ne ke ɗaukar ruwa, itace da taki, amma sai da ya fara faɗuwa aka tuna da shi.

Yadda ake zaɓe

Masu tsara bincike sukan auna kowane ciwo da tambayoyi kamar waɗannan:

1. Bisashe nawa yake kashewa, kuma na wa ne?
2. Yana kama mutane?
3. Yana ƙetare iyaka, ya hana ciniki?
4. Akwai maganinsa? In akwai, me ya hana shi isa ƙauye?

Da wannan awo, huhu yana bukatar sabuwar lamba. PPR tana bukatar gwaji mai sauri da lambar da ba ta tsoron rana. Saifa da annobar kaji kuwa, hanya da ma'aikata suka fi bukata.

Amsar tambaya ta farko tana hannunku, manoma da makiyaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Akuyar da ta mutu aka jefar a bayan gari ba ta shiga lissafi, ciwon da bai shiga lissafi ba kuwa ba a ware masa kuɗin bincike.

Saboda haka, in ciwo ya shiga garke, ku ware marar lafiya, ku sanar da ma'aikacin kiwo tun ranar farko. Ku faɗi alamun, da yawan waɗanda suka kamu, da waɗanda suka mutu. Kada ku kai marar lafiya kasuwa. Ranar lamba ku fito da garke duka, har da awakin mata, ku yarda a yi musu alama a kunne. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su riƙe littafi, su rubuta rana, wata, da adadi. Ku miƙa wa ma'aikacin kiwo wannan lissafi, domin ya isa Dosso da Yamai.