Rabin Sa'a A Cikin Dakota

 

'Yan'uwa masu karatu, yau ba darasi na zo muku da shi ba. Labarin kaina ne, wanda na daɗe ina ɗaga rubuta shi daga wannan wata zuwa wancan, domin kuwa akwai abin kunyata a cikinsa, mutum kuwa ba ya gaggawar tona kansa.

A watan Satumba na 2019 na je ƙasar Holan domin halartar bikin kammala karatun ɗiyata a jami'ar aikin gona ta Wageningen. Ita ce ta ci sunan mahaifiyata, don haka Ummi muke ce mata. Kwana biyu bayan bikin ta miƙo mini wata takarda cikin ambulan, ta ce, "Abba, wannan tukwicinka ne." Na buɗe, na ga tikitin shiga jirgin sama na rabin sa'a, wanda zai tashi daga filin Lelystad ya yi shawagi ya dawo inda ya tashi. Na fara yi mata faɗa a kan almubazzaranci, don ban ga dalilin biyan kuɗin da zai sayi buhunan masara ba a kan tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina. Ta bari na gama, sannan ta ce in dubi hoton jirgin. Na duba. Dakota ne.

Sai na yi shiru, domin wannan suna tun ina yaro na san shi, kuma a gidanmu ba a faɗarsa da ƙarfi.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Tudun Wada, can wajen da yanzu ya zama Doguwa, inda ake hango duwatsun Riruwai idan gari ya yi garau. A 1942 aka ɗauke shi soja. A shekarun nan saurayi mai ƙarfi a yankinmu yana tsakanin abu biyu ne: ko dai a rubuta shi cikin masu zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, ko kuwa ya sa kaki. Shi da amininsa, wanda suka yi kaciya tare suka yi makarantar allo tare, suka zaɓi kaki. A 1943 aka ɗebe su a jirgin ruwa daga Ikko, aka zagaya da su ta ƙasan Afirka zuwa Indiya, daga can kuma sai Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, ba Bama ta Barno ba. Ya dawo a 1946 shi kaɗai, da lamba mai siffar tauraro, da tari, da kuma shiru. Mutanen gari suna ce masa Kofur har ya rasu. Ya yi noma, ya yi kiwo, bai taɓa fashin jam'i ba sai da lalura, amma idan ƙarar jirgin sama ta ratso samaniya, ko da yana tsakiyar magana ne, sai ya tsaya cik har ta wuce.

Yanzu ga abin kunyar. A 1981 ina koyarwa a Tudun Wada, albashi yana da albarka a lokacin, na tara kuɗi shekara uku na biya masa kujerar Makka ba tare da na shawarce shi ba. Na hau babur na ratsa dajin Falgore da takardar a aljihu, ina ta ƙiyasta irin farin cikin da zai yi. Na same shi a zaure tare da dattawa huɗu, na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da ke tafe da ni. Dattawan suka yi ta sa albarka. Shi kuwa ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Ta sama ce ko ta ƙasa?" Na ce ai yanzu kowa ta sama yake zuwa, daga Kano sa'o'i kaɗan an sauka Jidda. Ya ce in da hanyar ƙasa, ta Maiduguri da Chadi da Sudan kamar yadda magabata suka bi, to ko gobe a shirye yake. Na ce Chadi ana yaƙi, ba mai bi. Ya ce to Allah Ya nufa da rabo nan gaba.

Ƙuruciya da boko da ganin na kashe kuɗi suka haɗu suka rufe mini ido. A gaban mutane na ce, "Baba, ashe ku da kuka je Bama, tsoron jirgi ne zai hana ku ziyarar Ɗakin Allah?" Zauren ya yi tsit. Bai ɗaga murya ba, bai ko dube ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah Ya yi maka albarka. Ka je a madadin kanka, ka yi mana addu'a." Na tafi Hajjin a wannan shekara, ina ɗawafi ina jin haushinsa, Allah Ya gafarta mini. Da na dawo na kawo masa tsaraba, ya karɓa da murna, ba mu sake tayar da maganar ba. Ban ba shi haƙuri ba, domin a ganina ni ke da gaskiya. Ya rasu da damina a 1986.

A zaman makoki ne wani tsoho daga cikin mazan jiya, mutumin ƙasar Kiru, wanda ya yiwo takakkiya tun daga Kwanar Dangora da jin rasuwar, ya ja ni gefe ya ba ni labarin da mahaifina bai taɓa ba mu ba. Ya ce bataliyarsu tana cikin birged ɗin 'yan Nijeriya da aka ware aka haɗa da dakarun Janar Wingate, waɗanda ake kai su can bayan sojojin Jafan a cikin ƙungurmin daji. A watan Afrilu na 1944 aka kwashe su da dare a cikin Dakota, mutane da alfadarai a jirgi ɗaya, an yi wa dabbobin shinge da gora. Alfadaran ma, in ji shi, an yi musu aiki a maƙogwaro an kashe musu murya don kada kukansu ya tona asirin runduna. Filin da za su sauka, wanda Turawa suka sa wa suna Aberdeen, gajere ne kuma a tsakanin duwatsu yake. A wajen shiga jirgi an jera su ana ƙirgawa, ƙidaya ta cika a kan mahaifina, sajan ya sa hannu tsakaninsa da amininsa ya ce saura su jira na baya. Jirginsu ya sauka lafiya. Suna cikin sauke kaya na bayan ya iso, ya zarce titin, ya kama da wuta a kan idonsu. Mahaifina yana cikin waɗanda suka tattara abin da ya saura, kuma shi ya yi musu salla, don shi ne mai ɗan karatu a cikinsu.

Tsohon ya ce, "Yaro, mahaifinka ba matsoraci ba ne. Na ga ya ɗauki mutum a kafaɗa wuni guda cikin taɓo." Ban san ko labarin abin da na faɗa a zaure ya kai masa ba, ban kuma iya tambayarsa ba.

Wannan labari na ba 'ya'yana shi sau ɗaya tak, shekaru da yawa da suka wuce, ban yi zaton wani ya riƙe ba. Ashe Ummi ta riƙe.

Ranar tafiyar muka isa Lelystad da hantsi. Garin kansa abin mamaki ne, domin an gina shi ne a kan ƙasar da aka janye wa ruwan teku a 1957, yana ƙasa da teku, madatsu ne ke tare da ruwan. Jirgin yana tsaye hancinsa a sama, wutsiyarsa a ƙasa a kan wata 'yar ƙaramar taya, kamar raƙumin da ya fara miƙewa. Masu kula da shi 'yan sa-kai ne, yawancinsu tsofaffi masu furfura irina. Ɗaya daga cikinsu ya yi mana bayani, Ummi tana taimaka mini inda Turancinsa ya sha mini kai. Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera samfurin, ya fara tashi a Disambar 1935 a matsayin jirgin fasinja mai suna DC-3. Da yaƙi ya zo aka mayar da shi na soja, aka ƙera fiye da 10,000, Amurkawa suna ce masa C-47, Ingilishi suna ce masa Dakota. Wannan da za mu shiga, in ji shi, yana cikin waɗanda suka zubar da sojojin lema a Normandi a watan Yunin 1944.

Na ce masa mu ma a Kano mun san shi. Ya yi mamaki. Na gaya masa cewa tun 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, kuma a lokacin yaƙin, daga 1940, ana harhaɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, da Khartum har zuwa Alƙahira, dubbansu. Bai taɓa jin haka ba, bai kuma taɓa jin cewa Hausawa sun yi yaƙi a Bama ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Su sun adana ƙarfe shekara 75, suna goge shi suna zuba masa mai, mu kuwa mazan jiyanmu sun ƙare ɗaya bayan ɗaya a zaurukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada ba wanda ya zauna da alƙalami ya tambaye su. Ni da nake malamin makaranta, da uba a gida, ban tambaya ba.

Shiga cikinsa hawan tudu ne, domin daɓen a karkace yake, sai ka dafa kujeru kana haurawa. Ba mu kai mutum ashirin ba. Kujerun masu laushi ne, an sa su daga baya. A zamanin su Baba benci ne a jikin bango, kowa da bindigarsa tsakanin gwiwoyi. Na karanta addu'ar hawa abin hawa. Aka tayar da injin dama, ya yi tari ya fitar da hayaƙi, farfela ta fara juyawa, sannan na hagu. Nan ne abin ya same ni. Na sha shiga jiragen zamani, ƙararsu shuuu ce kamar iska. Wannan kuwa gurnani ne mai shiga ƙirji, kujera tana rawa, haƙora suna rawa, ga warin mai da tsohon ƙarfe. Na gane cewa wannan ita ce ƙarar, ita ce wadda take tsayar da mahaifina a tsakiyar magana, ita ya ji a daren nan tana matsowa daga cikin duhu yana jiran amininsa ya sauko.

Jirgin ya ruga, wutsiya ta ɗaga, daɓen ya daidaita, muka rabu da ƙasa a hankali kamar ba ya so. Ba ya nisa sama, don haka komai a fili yake: gonaki a yanke kamar da ma'auni, shanu, jiragen ruwa masu filafilai a kan wani tafki da ya ninka Tiga ban san sau nawa ba. Sauran fasinjoji suna ta ɗaukar hoto, aka ba mu izini mu leƙa wajen matuƙa ɗaya bayan ɗaya. Ni ban tashi ba. Ina kallon fiffiken, da layukan ƙusoshin da aka ɗinke shi da su, yana lanƙwasa kaɗan idan iska ta buge shi. Ni da rana tsaka nake, da bel a ƙugu, da ɗiyata a gefe, ƙasar da ke ƙarƙashina lafiya lau, ba mai harbi, amma tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Shi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai taɓa hawa abin da ya fi jirgin ƙasa sauri ba, cikin dare, da alfadari yana harbin bango a bayansa.

Malamai sun yi bayani mai yawa a kan iko da aka sharɗanta wa aikin Hajji, na kuma karanta shi tun kafin 1981, na koyar da shi ma a aji. Na ɗauka iko guzuri ne da lafiyar gaɓoɓi da amincin hanya, abubuwan da ake gani da ido. Ban bar hukuncin mahaifina ga malamai da Ubangijinsa ba, na yanke da kaina a gaban dattawa, alhali ban san abin da yake ɗauke da shi ba. A 1992 na yi masa aikin Hajji bisa fatawar malaman da suka halatta hakan ga mamaci, ina fatan Allah Ya kai masa ladan. Amma kalmar da na faɗa a zaure ba a biyan ta da kujerar Makka, mai yafe ta kuma yana ƙarƙashin ƙasa tun 1986.

Da muka juyo za mu sauka, titin ya bayyana a gabanmu dogo, fili fetal ba dutse ko ɗaya. Tayoyi suka taɓa ƙasa, wutsiya ta koma ta zauna, aka kashe injuna, farfela ta yi ta juyawa har ta tsaya. Mutane suka tafa. Ummi ta dube ni ta ce, "Abba, ko na yi kuskure ne?" Na kasa ba ta amsa, sai na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi ba tun tana ƙarama. Muka zauna har kowa ya fita, ma'aikacin jirgin ya tsaya a bakin ƙofa bai ce mana komai ba.

Na ji cewa ƙungiyar ta daina ɗaukar fasinja a 2024. Da na dawo gida a waccan shekara ta tafiyata, na je ƙauye, na ziyarci maƙabarta, sannan na nemi dangin aminin nasa. Na sami jikar ƙanwarsa, tsohuwa ita ma, a wani gari kusa da Bebeji. Abin da suka sani kawai shi ne ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba. Na gaya mata inda ya rasu, da watan, da cewa an yi masa salla, da wanda ya yi masa. Ta ce in maimaita mata sunan wurin, na maimaita sau uku, ta kira jikanta ya rubuta a bangon littafinsa na makaranta.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa mutum biyun nan a addu'a.