Daga Zuba zuwa Abaji: Ƙasar da Ke Cin Rijiya

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya wuce dutsen Zuma, da ya iso Zuba sai hanya ta rabu masa biyu: ɗaya ta bi ta Kubwa ta shiga tsakiyar Abuja, ɗayar ta nufi kudu ta Gwagwalada da Kwali har Abaji. Ko wacce ya bi, abin da zai yi ta gani shi ne duwatsu a tsaitsaye, tankunan ruwa bisa hasumiyar ƙarfe, da 'yan garuwa suna tura kura.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar mai da wannan yanki babban birnin tarayya, aka kuma tare a ranar 12 ga Disamba 1991. An gina madatsar ruwa ta Usuma kusa da Ushafa domin shayar da birnin, daga baya aka ƙara mata ruwa daga kogin Gurara. Amma jama'a sun fi bututu sauri. A Lugbe da Nyanya da Mpape da sauran garuruwan gefe, magidanta da yawa su ke nema wa kansu ruwa, mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya kira mahaƙa da diga da shebur.

Wanda ya ga Zuma da Aso zai zaci ƙasar nan ba ta ruftawa. To, hawa uku ne da ita. Na sama jar ƙasa ce da marmara, mai tsayawa da ƙafarta. Na can ƙasa dutse ne tsantsa, ruwa sai a cikin tsagoginsa. Na tsakiya kuwa ruɓaɓɓen dutse ne da ya koma yashi da laka, a nan ruwa ya ke kwanciya, a nan kuma haɗari ya ke. Da zarar an taɓo ruwa sai bangon rami ya jiƙe ya fara zubewa daga ƙasa, ya yi kogo, na sama ya rasa madogara ya rufto.

Ƙwararrun mahaƙa sun san maganin wannan. Su kan jera zoben kankare ɗaya bisa ɗaya, mahaƙi yana ciki yana kwashe ƙasa daga ƙarƙashi, nauyin zoben yana saukar da su, watau ba a bar mutum da bango tsirara ba. Su kan zubar da ƙasar da aka fitar nesa da bakin rami, su kuma yi aikin a ƙarshen rani, wajen watan Maris, lokacin da ruwa ya ja baya. Ba sa kuma tayar da injin fetur a cikin rami, gama hayaƙinsa ya kan kashe mutum tun kafin ƙasa ta motsa.

Masu injin burtsatse ma da wannan hawa su ke fama. Dole a zura bututu ya ratsa ƙasa mai laushi har ya zauna daram bisa dutse, a zuba tsakuwa a kewayensa, a toshe wuyan da siminti. A wajen Abaji, inda dutse ya ƙare yashi ya yi zurfi, sai an riƙa ɗura ruwan laka mai kauri a ramin domin ya tokare bango har a gama. In aka rage tsawon bututu don neman sauƙi, ko aka sa mai laushi, ba a daɗewa ruwa zai fara fitowa da yashi, ƙasa ta lotsa a bakin rijiya, famfo ya maƙale, kuɗi su bi ruwa. Araha dai ba ta ado.

In kuwa ƙasa ta rufta da mutum, taruwar jama'a a bakin rami ita ce ke ƙarasa shi, domin nauyinsu ya kan ƙara zaftaro ƙasa. Sai a janye mutane, a kira 'yan kwana-kwana, a tokare bango da katako kafin kowa ya shiga. A ƙasar Maroko, cikin Fabrairu 2022, wani yaro ɗan shekara biyar ya faɗa rijiya mai zurfin mita 32. Tsoron ruftawa ya sa sai da aka yi kwanaki ana haƙa ta gefe, aka tarar rai ya yi halinsa.

Saboda haka magidancin da zai haƙa rijiya a Abuja, kafin ya tambayi farashi, ya fara tambayar zobe nawa za a sa, bututu kuma har ina zai kai. Allah Ya kiyaye mahaƙa, Ya ba jama'a ruwa mai albarka.