Daga Jiratawa zuwa Tibiri, a kan sawun saƙon da ya dawo

Da sanyin safiya na hau kabu-kabu daga Maradi zuwa Jiratawa, inda lambunan zogale ke shan ruwa a bakin Gulbin Maradi. Magatakardan wata ƙungiyar manoma ne ya kira ni. Ya aika wa wani ɗan kasuwa a Yamai farashin busasshen zogale ta imel, sai wani MAILER-DAEMON ya dawo masa da saƙon. Ya rubuta masa amsa cikin ladabi, shiru kake ji.

"Malam, mutumin nan ya raina mu," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, ai na'ura ce." Imel kamar wasiƙa yake cikin ambulan: suna ɗaya a takarda, wani a bayan ambulan, kuma na bayan ne na'urorin ke dubawa in za su mayar da saƙo. Idan saƙo ya ƙi shiga, na'ura takan aiko da sanarwa, amma ta bar gurbin mai aikawa wayam, alama biyu kawai: <>. Tun 1982 Jon Postel ya sa wannan cikin ƙa'idar aika imel ta SMTP, don kada sanarwa ta haifi sanarwa, na'urori biyu su yi ta jifan juna ba iyaka.

Muka duba cikin saƙon, ga lamba 5.1.1, wato babu mai wannan adireshi. Harafi ɗaya ne ya faɗi a adireshin da ya rubuta. Da 4 ce a farko, da matsalar ta wucin gadi ce, na'urar za ta yi ta gwadawa kwana huɗu ko biyar.

Da la'asar na ratsa Maradi na wuce Tibirin Gobir. Kusa da fadar Sarki na tarar da wani ɗalibi cikin damuwa, sanarwa ta cika masa akwati a kan saƙonnin da bai taɓa aikawa ba. 'Yan damfara ne suka ari adireshinsa, na'urori suka karɓa ba bincike, sannan suka mayar wa marar laifi.

Wannan sakaci na ɓata mini rai. Masu kula da na'urorin imel a ofisoshinmu, ku ƙi saƙon bogi tun a bakin ƙofa. Kuma kada ku toshe duk sanarwa marar suna, domin ita ke gaya wa manomi cewa farashinsa bai isa Yamai ba.