Daga Lau zuwa Mayo Ranewo a Kwalekwalen Katako

Mutanen da ke zaune kusa da teku, kamar na Kalaba da Boni, sun saba ganin kogunansu suna cika suna janyewa sau biyu tsakanin dare da rana, al'amarin da malaman falaki suka danganta ga jan da wata yake yi wa ruwa bisa ƙudurar Ubangiji. Amma mu a ƙasar Muri, da muke nesa da ruwan gishiri, Binuwai sau ɗaya yake cika mana a shekara, ya tumbatsa tsakanin Agusta da Oktoba, sa'an nan ya yi ta ja da baya har bazara ta mai da rabinsa tsibiran yashi. Don haka na dakata sai da kaka ta wuce, hunturu ya kama, kana na bar Jalingo ta hanyar Kona, garin da Bafaranshe Mizon ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci da igwa a 1892, shekara guda kafin a kafa Jalingon kanta, na sauka Lau a bakin kogi.

Nufina shi ne in tuƙa jirgin da hannuna ya taɓa aikinsa, sai na kai kaina wajen wani dattijon masassaƙi, wanda ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce, "Malam, alƙalami daban, gizago daban, amma in za ka jure kanta, bismilla." A wurinsa na fahimci dalilin da ya sa kwamin da ake fafewa daga gungume ɗaya ya yi wuyar gani: manyan maɗatai da kawo waɗanda ubanninsa suke kayarwa sun ƙaranta ƙwarai, ga kuma saran madobiya, wadda 'yan katako suka laƙaba wa suna madrid, da aka yi ta lodawa zuwa Sin a shekarun baya har dazuzzukan Taraba suka yi fayau. Yanzu sana'ar ta koma ga allunan da aka tsaga da zarto. Ana fara shimfiɗa gindi, shafaffe ba mai ƙundu ba, domin ya ratsa ruwan da bai kai gwiwa ba. A kafa haƙarƙari, a lanƙwasa allunan gefe sannu a hankali a ɗaure su da ƙusa. Sa'an nan a zo ga babban aiki, wato cusa tsumma a kowace tsaga, a narka kwalta a bi ta, a rufe da sallen kwano. Bayan wannan sai a bar jirgin cikin ruwa ya jiƙa, itacen ya kumbura ya toshe abin da ido bai gani ba. Ni dai na riƙa tuna cewa wannan sana'a ce ta Annabi Nuhu, alaihissalam, ina mamakin yadda muke ƙasƙantar da ma'abotanta.

Muka tashi bayan sallar asuba, ni da wani jikan dattijon, hazo ya lulluɓe duwatsun Muri a hannun damanmu. Filafili na hannuna, gora na hannunsa, kuma ba a jima ba na gane cewa a Binuwan rani gorar ce gaba, gama hanyar ruwa mai zurfi takan kauce daga wannan gaɓa zuwa waccan, yaron kuwa da launin ruwa kawai yake gane ta. Muka wuce bukkokin masunta, Jukunawa da Hausawa, suna shanya tarwaɗa da karfasa, hayaƙin banda na tashi; a wani lungu ya nuna mini sawun dorina, muka ba wurin tazara ba tare da musu ba.

Kogin nan, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400 daga tuddan Adamawa na Kamaru zuwa Lakwaja inda ya haɗu da Kwara, ya ga baƙi da dama. Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya tsaya a bakinsa a 1851. A 1854 kuma wani Bature mai suna Baikie ya hauro da jirgin tururi mai suna Pleiad har ƙasar Muri, mutanensa na shan kwinin, zazzaɓi bai kashe ko ɗaya ba. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 cikar kogin ta koma rabi hukuncin damina, rabi hukuncin masu buɗe ƙofofin ruwa, kamar yadda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka shaida.

Da muka isa Mayo Ranewo ranar kasuwa ce, abin da na gani a mashaya kuwa ya rage mini daɗin tafiyar: manyan jirage masu inji, an danƙara musu buhuna da babura da mata da yara har bakin jirgi na shafar ruwa, ba mai rigar ceto ko ɗaya. Daga wannan kasuwa ne wani jirgi ya taso a Oktoban 2023 zuwa ƙasar Karim Lamido ya kife da jama'a masu yawa, Allah ya jiƙansu. Masassaƙi ya san iyakar nauyin da jirginsa zai ɗauka tun yana buga ƙusar farko. Kwaɗayin kuɗin fito ne yake ƙetare ta. Ina roƙon sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito na Lau da Ibi da sauran mashayun Taraba su sa a zana wannan iyaka da fenti a jikin kowane jirgi, kada a bar wanda ruwa ya rufe zanensa ya bar gaɓa.