Fijon Gado A Unguwar Mairi

A unguwar Mairi, wadda ke maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, akwai wani gida mai bishiyar dogon yaro a tsakarsa. A ƙarƙashin bishiyar nan ne wata mota ƙirar Fijo 504 ta yi wata goma sha uku a kan bulo, ba taya, ba gilashi, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Mai gidan wani dattijo ne, tsohon malamin koyar da aikin kafinta a makarantar sana'a, wanda ya yi ritaya. Yara sun daɗe suna leƙowa ta ƙofa suna dariya, manya kuwa in sun zo gaisuwa sai su dubi motar, su dube shi, su yi shiru.

Motar dai ta mahaifinsa ce. Ya saye ta sabuwa fil a 1979 da bashin mota, sa'ad da yake aikin gwamnati a Bama. A Kaduna aka harhaɗa ta, a masana'antar Peugeot da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975. Ita 504 ta fara fitowa ne a Faransa a 1968, kuma ta yi suna wajen juriya, har ita ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. Amma a gidan nan da wani abin dabam ake tuna ta. Ita ta ɗauko amaryar dattijon. Ita ce kuma, a farkon watan Satumba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka auka wa Bama, ta kwaso mutum goma sha ɗaya, manya da yara, ta bi ta Konduga ta kawo su Maiduguri, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

Bayan rasuwar tsohon, magada suka bar motar ba a raba ba, aka aje ta a Gwange, a gidan ƙanen dattijon inda mahaifiyarsu take zaune. A can ambaliya ta same ta. Ran 10 ga watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ya shanye unguwanni da yawa, irin abin da garin bai gani ba tun 1994. Ruwa ya rufe motar har rufinta, ya yi kwanaki bai janye ba. Da ya janye, sai ga laka a cikin inji da kujeru da tankin mai.

Ƙanen nasa ya rasa hatsi da katifu da tufafin iyali, ga bangon gida ya zube. 'Yan gwangwan suka zo suka taya motar a farashin ƙarfe. Ya ce, "Yaya, mu sayar. Ƙarfe ne fa, ga yara suna kwana a tabarma jiƙaƙƙiya." Maganarsa gaskiya ce, dattijon kuwa ya san haka. Ya kwana yana juya ta. Da gari ya waye ya sa aka yi wa motar kuɗi fiye da abin da 'yan gwangwan suka taya, ya ciro daga ɗan abin da ya rage na kuɗin sallamarsa, ya biya kowane magaji rabonsa, sa'an nan ya yi hayar mota ta jawo ta zuwa Mairi. Uwargidansa ta tarye shi a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, mutane suna sayen siminti, kai kuma tsatsa ka sayo?" Bai amsa ba, domin ba shi da amsar da za ta gamsar da ita.

Aikin inji bai ba da wuya kamar yadda aka zata ba, gama 504 mota ce ta kafireta, wayoyinta kaɗan ne, ba ta da kwamfuta. Wani bakanike ya zo ya kwance filogi, ya tsiyaye ruwan da ya shiga silinda, ya zubar da baƙin mai, ya wanke tanki da lagireto, ya sake birki. Abin da aka rasa a Maiduguri aka aika Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka samo. Jikin motar shi ne babban aiki. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi da wurin aje ƙafa da gindin but, har mutum yana hango ƙasa ta cikin ramukan.

A nan ne ɗansa, wanda ke karatun injiniya a Jami'a, ya nuna masa hotunan wata motar tsere ta Amurka mai suna Corvette. Kamfanin Chevrolet ya fara yin ta a 1953, ya ƙera guda 300 kacal a wannan shekara, dukansu farare, kuma jikinsu na faiba ne, watau zaren gilashi da ake shimfiɗawa kamar tabarma a jiƙa shi da wani ruwa mai kama da ƙaro, ya daskare ya yi tauri. Faiba ba ya tsatsa ko ya shekara a ruwa. Da dattijon ya ji haka, sai ya ga ya sami mafita mai araha. Ya sayo faiba da ruwansa, ya ɗan goge tsatsar sama sama, ya liƙe ramukan, ya bi da fila ya daidaita, yadda ya saba toshe ramin ƙusa a jikin katako.

Yaron ya ce, "Baba, ita waccan motar jikinta duka faiba ne, an ɗora shi a kan ƙashin ƙarfe. Wannan kuwa ƙarfe ce. In aka rufe tsatsa da faiba, za ta ci gaba da ci daga ciki. Ga shi kuma zafin rana ba ya buɗa su daidai da juna, za su rabu." Dattijon ya ce, "Shekara talatin ina koyar da aikin hannu tun ba a haife ka ba." Yaron ya sunkuyar da kai.

A watan Janairu na 2025 ya aro injin iska da bindigar fenti, ya fesa wa motar launin ruwan madara, irin wanda ta fito da shi daga Kaduna. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Kafin fentin ya bushe ƙura ta kwanta a kansa, busassun ganyen dogon yaro suka zubo suka manne, jikin motar ya zama kamar bayan samfefa. Ya daure ya goge, ya ce ai da sauƙi. Da damina ta kankama a watan Agusta, sai ƙuraje suka fara fitowa a ƙasan ƙofofi, fenti ya kumbura. Ya sa ƙusa ya taɓa ɗaya, jan ruwa ya tsiyayo. Faiban ya ɗago daga ƙarfe kamar ɓawon rogo. Sauri ya haifi nawa, kuɗin fenti da wahalar wata uku sun tafi a banza.

Ya yi kwana biyu bai kusanci motar ba. A rana ta uku, bayan sallar asuba, ya tsaya a ƙofar ɗakin yaron ya ce, "Fito ka nuna mini yadda za a yi." Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A tsakar gidan nan dai, yaron ne ya hango.

Suka kankare komai har suka isa farin ƙarfe. Mai walda ya yanke duk inda ya ruɓe, ya sa sabon farantin ƙarfe. Faiba ya sami wurinsa a inda ya dace, watau wajen gyaran fasassun robobi na cikin mota, kuma sun koyi dama shi kaɗan kaɗan, domin a zafin Maiduguri yana daskarewa kafin mutum ya gama shafawa. Suka fesa fentin ƙasa mai hana tsatsa, suka sa fila siriri, suka bi da samfefa daki daki, daga mai lamba 80 zuwa 180, zuwa 400. A nan hannun kafinta ya yi amfani, gama dattijon yakan rufe ido ya shafa ƙofa, ya ji tudun da idon yaron bai gani ba.

Suka jira ƙarshen Oktoba, lokacin kaka, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta iso ba. Suka tura motar daga ƙarƙashin bishiya, suka kewaye ta da leda, suka yayyafa wa ƙasa ruwa don kada ƙura ta tashi. Da sanyin safiya, kowa da abin rufe hanci saboda tururin fenti yana cutar da huhu, suka fesa sau uku, bindiga tana nesa da jiki kamar taƙi ɗaya, suna barin 'yan mintoci tsakanin kowace fesawa. Yaron ya riƙe bindiga, uban yana bin sa da tiyo.

In aka yi lissafi, abin da dattijon ya kashe ya fi abin da motar za ta kawo a kasuwa, kuma uwargida ba ta fasa tuna masa ba. Tafiyar farko Gwange suka nufa. Tsohuwar ta fito da sandarta, ta zagaya motar, ta buɗe ƙofar baya ta ɓangaren hagu, inda ta zauna da jikoki uku a cinya ranar da suka bar Bama. Ta zauna, ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Wannan ƙofa da ƙyar take rufuwa a da. Wa ya gyara ta?" Dattijon ya nuna ɗansa.

Da za su tafi, ƙanen ya rako su har bakin titi, yana ta shafa rufin motar. Ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, bikin 'yarka ya matso. Ko za a ba mu aron ta, ta kai amarya?"