Mako Uku a Panteka

Sa'ad da mahaifinmu ya rasu, ya bar mana gonar citta kusa da Zonkwa da wata tsohuwar mota ƙirar Volkswagen, irin wadda ake kira Kombi. An ƙera ta a 1978, shi kuwa ya saye ta a hannun wani a 1984 da kuɗin sallamar da ya samu daga aikin jirgin ƙasa a Kafanchan. Motar nan ta yi wa gidanmu bauta ƙwarai. Ta kai citta kasuwa, ta kwaso takin zamani, ta ɗauko amare, ta kuma kai mata masu naƙuda asibiti da tsakar dare. Injinta yana tashi har yanzu, amma jikinta ya gaji. Wata rana muna tafiya sai takalmin wata jikar gidan ya zurma ta wani rami a daɓen motar, ya faɗa kan hanya. Yarinyar ta yi ta dariya. Mu kam ba mu yi dariya ba, gama muna tunanin abin da zai faru da a ce ƙafarta ce ta zurma.

Daga ranar nan gardama ta tashi a gida. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun yi tayi, za su auna ta a sikeli kamar buhun masara. Waɗansu daga cikinmu suka ce a sayar a huta. Mama dai ba ta ce kome ba sai da kowa ya gama. Sa'an nan ta ce, "Ku kai ta Panteka tukuna. In mutanen can sun ce ta mutu, to, ta mutu." Saboda haka mu biyu, wa da ƙane, muka shimfiɗa katako a kan ramin, muka kama hanyar Kaduna da asuba, a cikin sanyin hunturu.

Mun bi ta Kachia, muka wuce Kujama da Maraban Rido, muna tafiya sannu kamar masu rakiyar mara lafiya. Da muka hangi matatar mai, wadda aka buɗe a 1980, muka san mun iso. Muka ratsa Sabon Tasha, muka haye gadar kogin Kaduna, muka nufi Tudun Wada. Kaduna gari ne da ya saba da ƙarfe tun farkonsa. Jirgin ƙasa ne ya raya shi, a 1917 kuma gwamnatin Turawa ta dawo da mazauninta nan daga Zungeru. Daga baya masaƙu suka kafu a Kakuri, a 1975 kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a can. Yawancin masaƙun nan sun rufe tuni, amma sana'ar hannu ba ta rufe ba. Wanda yake so ya ga haka da idonsa, sai ya je Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Kunne yakan riga ido isa Panteka. Tun daga nesa muka fara jin bugun guduma ta kowace fuska, ga ƙarar injin gurza ƙarfe, ga warin walda. A wani layi ana narkar da tsohon alminiyam ana zuba tukwane. A wani layin ana ƙera murhu da akwatunan ƙarfe da ƙofofi da baro. Can gaba kuma ga injunan niƙa da na casar masara, ƙirar wurin. Abin da aka zubar a wani wuri, a nan kayan aiki ne. Muka yi ta tambaya, har wani yaro ya kai mu rumfar wani dattijo mai gyaran jikin mota, irin waɗanda ake ce wa fanel-bita.

Muka gaisa, muka faɗa masa damuwarmu. Bai yi maganar kuɗi ba. Sai ya ɗauko wani ɗan maganaɗisu daga aljihu, ya riƙa manna shi a jikin motar yana zagawa. A sama yana kamawa, amma da ya zo ƙasan ƙofa da bakin tayoyin baya sai ya faɗi ƙasa. Ya dube mu, ya ce, "Samari, an taɓa yi wa motar nan aiki?" Muka ce, "I, Baba, shekarun baya wani ya gyara ta, ya yi mata fenti mai kyau." Ya sa sukudireba ya soka wurin, sai ga shi ta shige kamar a cikin gurasa. Abin da ya zubo ba ƙarfe ba ne. Fila ce, wato ƙullun nan da ake shafe 'yar lotsa da shi kafin fenti, a bayanta kuma har da guntun raga da tsohuwar jarida. Mai gyaran farko bai cire tsatsar ba, rufe ta kawai ya yi, ita kuwa ta ci gaba da cinta a ɓoye.

Dattijon ya zaunar da mu a kan benci, ya bayyana mana. Tsatsa takan samu ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Ba ta kuwa tsayawa da kanta, domin ɓawonta yana riƙe laima, yana kumbura, yana ɗaga fenti, ruwa ya ƙara samun ƙofa. Gishiri da takin zamani suna ƙara mata sauri, haka kuma ruwan batir. Da muka ji haka muka tuna da buhunan takin da motar ta yi shekaru tana ɗauka, da tabarmar robar da ba mu taɓa ɗagawa mun shanya ba. Ya nuna mana inda ciwon Kombi yakan zauna: daɓe, da matakin shiga, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da mazaunin batir a baya kusa da inji, da ƙasan gilashin gaba. Sa'an nan ya kwanta a ƙarƙashinta, ya daɗe yana ƙwanƙwasa manyan ƙarafan da ke ɗauke da ita. Da ya fito ya ce, "Ƙashin bayanta lafiya yake. Za ta tashi. Amma zan yanke duk inda ya ruɓe har in kai ga farin ƙarfe. In fila kuke so, ku nemi wani."

A ina za a sami sassan da za a maye gurbin waɗanda za a yanke? An fara ƙera Kombi a Jamus a 1950, da injinta a baya, wanda iska ke sanyaya shi maimakon ruwa. Ta bazu a duniya, har a Legas ma ita ce danfo ta farko. Ƙasar Birazil ce ta ƙarshe da ta ci gaba da ƙera irin tsohuwar ƙirar nan, ita ma ta daina a 2013. A Turai da Amurka akwai masu buga sababbin sassan jikinta domin masu sha'awar tsofaffin motoci, amma kuɗin kawo su nan ya fi ƙarfinmu nesa. Dattijon ya yi murmushi, ya nuna gudumarsa, ya ce, "Ga kantinmu nan."

Muka sauka wurin wata 'yar'uwarmu a Sabon Tasha, kowace safiya kuwa sai mu zo mu zauna mu yi kallo. Abu na fari, yaran shagon suka cire batir da tankin mai da kujeru da duk abin da wuta za ta iya kamawa. Bayan haka aka fara yanka. Ran nan hankalinmu ya tashi, gama zuwa la'asar rabin daɓen motar babu shi, kana tsaye a gefe ɗaya kana ganin ƙasa ta ɗaya gefen.

Kafin a taɓa sabon ƙarfe, sai a yi awo da kwali. Dattijon yakan ɗora kwalin a kan gurbin, ya bi gefensa da yatsa, ya yanke shi da almakashi, ya gwada, ya rage, har ya zauna daidai. Sa'an nan ya shimfiɗa shi a kan fallen ƙarfe ya zana da alli. Kaurin ƙarfen wajen milimita 1 ne, daidai da na jikin motar, waɗansu fallayen ma daga rufin wata matacciyar mota aka yanko su. Muka tambaya ko kwanon rufin ɗaki ba zai yi ba, tun da yake ya fi araha. Ya ce a'a. Ya cika sirantaka, ga shi kuma an shafe shi da wani sinadari wanda hayaƙinsa ke sa mai walda zazzaɓi.

Maƙerarsa guntun dogo ce, irin wanda jirgi ke bi, da wani kututture mai kwarmi a tsakiya. A kan dogon yake lanƙwasa gefe, a kan kututturen kuma yake fitar da ƙundu. Daɓen Kombi yana da kwari-kwari a jere, ba don ado ba, sai domin su ƙarfafa shi kada ya riƙa lotsawa. Ɗaya bayan ɗaya ya buga su, yana auna tazararsu da guntun tsohon daɓen. Mun ƙirga sau nawa ya kai wani ɗan falle na bakin taya ya gwada ya dawo da shi, muka sami sau goma sha ɗaya. Ƙaraminmu ya ce, "Baba, ai ya yi." Ya ce, "Ɗana, in ban sa shi ya zauna da guduma ba, da fila zan sa shi ya zauna."

Waldar ma da hankali ake yinta. Siririn ƙarfe ba ya son zafi mai yawa, yakan karkace ko ya huje. Don haka ba ya jan wuta a layi ɗaya. Yakan ɗiga a nan, ya tsallaka can ya ɗiga, ya sa wani dunƙulen ƙarfe ta baya ya bubbuga wurin tun yana da zafi, ya jira ya huce. Da haka ɗigon yake haɗuwa har ya zama ɗinki ɗaya. Yaro ɗaya kuwa ba shi da wani aiki sai tsayuwa da bokitin ruwa yana duban cikin motar.

A mako na biyu muka gamu da jarraba. Da aka buɗe ƙarƙashin ƙofar gefe, sai aka tarar wurin da ake kafa jak ya ruɓe daga ciki. Wannan ba ya cikin cinikin da muka yi, kuɗinmu kuwa ya kusa ƙarewa. Muka ce, "Baba, wurin nan ai ba mai ganinsa. A rufe haka nan mana." Ya ajiye gudumar, ya ce, "Ran da tayarku ta fashe a hanyar Kachia, ɗayanku ya kafa jak a nan ya sa hannu a ƙarƙashi, ran nan za a gan shi." Kunya ta kama mu, gama abin da muka zo muna kuka da shi, shi ne muke roƙo a sake yi mana. Muka aika gida, aka sayar da buhu biyu na cittar da muka ajiye domin iri. Shi kuma ya rage mana ladan aikinsa ba tare da mun roƙa ba.

Da aka gama walda aka gurje ɗinkin, aka goge da samfefa, aka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa ciki da waje. Fila kaɗan ƙwarai ya sa, ba ta kai kaurin farce ba. Ran da za a fesa fenti, da sassafe yaran suka yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙurar hunturu ta kwanta. A ƙarshe ya tsiyaya mai a cikin ƙarafan da ke da rami, ya kuma nuna mana 'yan hujojin da ke ƙasan kowace ƙofa. Ya ce mu riƙa zura tsinke muna buɗe su, domin ta nan ruwan sama ke fita. Mu riƙa ɗaga tabarma bayan ruwa, mu wanke laka daga bakin tayoyi, in kuwa za mu ɗauki taki mu shimfiɗa leda tukuna. Sa'an nan ya miƙa mana maganaɗisun, ya ce mu zaga da kanmu. Muka zaga, bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Masu karatu da ke da niyyar sayen tsohuwar mota, ko kai tasu gyara, muna ba ku shawara ku tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ku kuma roƙa a nuna muku aikin kafin a rufe shi da fenti. Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan.

Mun iso gida da yamma, yara suka biyo mu da gudu. Mama ta fito, ba ta ko dubi sabon fentin ba. Ta buɗe ƙofar gefe, ta shiga, ta tsaya daidai inda ramin yake a dā, ta buga ƙafa sau uku da ƙarfi. Sa'an nan ta zauna a kujerar da ta saba zama, ta ce, "To, gobe akwai kasuwa. Ku tashi da wuri."