Ƙwannafi, gyambo da olsa

Kalmomi uku nake yawan ji a bakin masu kukan ciki tun da na fara aikin jinya a Tamale: ƙwannafi, gyambon ciki da olsa. Biyun farko Hausa ce gangariya, ta ukun kuwa aro ce daga Turanci, kuma ita ta fi yawo. A unguwarmu ta Sakasaka, inda Dagbanci ke kan gaba amma Hausa ba baƙuwa ba ce, maƙwabta kan tare ni da yamma su ce, "Nas, olsata ta tashi." Ni kuwa a ganina wannan kalmar aro ta yi wa marasa lafiya ɓarna, domin ta haɗiye bambancin da Bahaushe ya riga ya tanada a harshensa.

Ƙwannafi shi ne zafin da ke tasowa daga ƙahon zuci ya bi ƙirji zuwa maƙogwaro, sau da yawa tare da gyatsa mai tsami. Dalilinsa shi ne ruwan tsamin da tumbi ke narka abinci da shi ya tsallake ƙofarsa ya yi sama, musamman in mutum ya cika ciki da tuwon zafi da miya mai yaji ya kwanta nan take. Gyambo kuwa, a asalin ma'anarsa, miki ne da ya daɗe ya ƙi warkewa, irin wanda ake gani a ƙauri. Duk wanda ya fara cewa "gyambon ciki" ya san abin da yake faɗa: miki ne na gaske a bangon tumbi ko a farkon hanji, wanda kan zubar da jini, wani lokaci har ya huje.

Idan duka biyun suka zama olsa, magani ma sai ya zama ɗaya. Mutum ya je kemis ya sayi farin ruwan nan na magnesium trisilicate, ko ya jiƙa kanwa ya sha kamar yadda kakanni ke yi. Kakannin ba su yi wauta ba, don kanwa tana kashe tsami, aikinta da na farin ruwan kusan iri ɗaya ne. Sai dai gishirinta na da yawa, mai hawan jini ba zai ji daɗinta ba. Kuma dukansu sauƙi ne na ɗan lokaci. Ba sa hana tumbi sake zubo wani tsamin.

Masu rage tsamin tun daga tushe daban ne. Cimetidine ya shiga kasuwa a 1976, daga binciken James Black na Birtaniya, sannan omeprazole ya biyo baya a 1988 daga Suwidin. Omeprazole yana toshe ƙananan famfunan da ke fitar da tsami a bangon tumbi, amma ya fi kama su a lokacin da abinci ya tashe su aiki. Shi ya sa muke nanata a sha shi kamar rabin sa'a kafin karin kumallo, mai azumi kuma kafin sahur. Nakan ce wa dattijuwa, "Hajiya, ki sha kafin ki kai koko baki," domin in na ce "sau ɗaya a rana" kawai, za ta sha shi lokacin da zafin ya taso, ba ta ga sauƙi nan take ba, ta ce magani ba ya ci. Shi ma farin ruwan da nasa sharaɗi: a sha ciprofloxacin ko ƙwayar ƙarin jini aƙalla sa'a biyu kafin a sha shi, in ba haka ba ya hana jiki tsotse su.

Gyambo kuma yana da wani sirri. A 1982 likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori tana zaune cikin tumbi. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu da kumburin tumbi. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Ma'anar wannan ga mai jinya ita ce, yawancin gyambo ba yunwa ce ta kawo shi ba, ko da yake haka ake faɗa a gari. Ko dai wannan ƙwayar ce, ko magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da masu aikin ƙarfi ke sha kamar gyaɗa. Mai ƙwayar sai an haɗa masa omeprazole da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, ya sha har wajen mako biyu ba fashi.

Don haka in maƙwabci ya ce olsa, nakan mayar da shi Hausa. Zafin hawa yake yi ko a wuri ɗaya ya tsaya? Yana tashe ka cikin dare? Wane launi bayan gida yake? Wanda ya ce baƙi ne wuluk kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci na tsaya masa a ƙirji, ba na barinsa ya nufi kemis. Asibitin Koyarwa na Tamale nake tura shi. Haka ma dattijon da ya ce ƙwannafi ne alhali yana gumi, zafin kuma na sauka hannunsa na hagu, wannan zuciyarsa za a fara dubawa, kuma a daren nan za a kai shi.